Allon Da Na Saya Wa Baba

Ranar da na je gida yawon Ƙaramar Sallah ta shekarar 2025, na tarar da mahaifina a zaure ya kafa tabarau, ya riƙe wayarsa dab da hancinsa, yana ta fama da wani rubutu da aka aiko masa. Da ya gaji, sai ya kira jikarsa 'yar aji huɗu na firamare ya ce ta karanta masa. Yarinya tana karatu tana tuntuɓe, shi kuwa yana gyara mata da abin da kunnensa ya ji. Mutumin nan fa shekara 35 ya yi yana koyarwa har ya yi ritaya yana hedimasta, kuma a hannunsa na fara ganin Magana Jari Ce tun ban san baƙi da wasali ba. Ban ce kome ba a lokacin, amma abin ya tsaya mini a rai har na komo Abuja bakin aiki.

Ba makanta ba ce ta same shi. Manyan baƙaƙe yana ganinsu sarai, ƙanana ne suka gagare shi, littattafansa kuwa duk da ƙananan aka buga su. Saboda haka na ƙudura zan saya masa irin ƙaramar kwamfutar nan mai fasalin allo, wadda 'yan kasuwa suke kira tab, domin a kanta mutum yana iya buɗa rubutu da yatsu biyu ya yi girman da yake so. Da labari ya kai kunnen Inna, sai ta aiko mini da nata saƙon, wai idan an sayo ita ma ta huta da leƙen Labarina da Daɗin Kowa a wayar ƙanwata. To, ka ji aiki ya zama biyu, karatu da kallo, kuɗi kuwa ɗaya ne: naira 250,000 da na kwasa a adashen ofis.

Mai karatu ya san halin da ake ciki. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haye 1,500 a farkon 2024, kuma duk wani abu mai batir da ake shigowa da shi ya bi ta. Ma'aikacin da zai iya sayen irin wannan kaya sau biyu idan na fari ya ƙi, ba irinmu ba ne.

Na faɗi haka ne domin na taɓa ƙonewa. A 2023 na sayi wani allo maras suna a wani shago, saboda a jikin kwalinsa an rubuta lambobi manya manya, ga araha kamar an tsinto. Da na zo gida na fara zuba masa littattafai, bai kai ko rubu'in abin da aka rubuta ba ya ce ya cika. Bayan wata biyar batirinsa ya kumbura har ya ɗaga gilashin. Mai shago ya ce wutar gidana ce. Yana nan cikin durowa, yarana suna wasan ofis da shi.

Wannan karon sai na shirya. Na ɗauki hoton shafi biyu daga littattafan Baba, ɗaya na boko, ɗaya na ajami mai wasulla rututu, na kuma nemo wani tsohon littafin tarihi da aka ɗauka a hoto shafi shafi, na zuba su a katin ajiya, na nufi Banex da ke Wuse 2 ran Asabar da hantsi. Niyyata duk allon da aka miƙo mini in buɗe shafukan nan a kansa in gani da idona.

Wani saurayi Bakano ya jera mini guda huɗu a kan teburinsa. Na fari shi ne Kindle na kamfanin Amazon, wanda ba don kome aka yi shi ba sai karatu. Fuskarsa kamar takarda take, ba ta ƙyalli, ba ta gajiyar da ido, kuma caji ɗaya yana kai mutum makonni, abin da ba ƙaramin alheri ba ne a garin da wuta take zuwa kamar baƙuwa. Da don kaina ne da a nan zan tsaya. Amma ba ya nuna fim, watau Inna ta fita ke nan. Sa'an nan fuskarsa inci 6 ce, kuma a nan na fahimci wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Littafin da aka tsara don na'ura, idan ka ƙara girman baƙaƙe, layuka sukan sake jeruwa su cika fuskar daidai. Littafin da aka ɗauka a hoto kuwa ba ya haka. Shafi ne guda a daskare, idan ka buɗa shi sai rabin layi ya fita waje, ka dinga jan shafi hagu da dama kamar mai tankaɗe. Littattafan da Baba yake so kuwa, na Hausa da na ajami da tsofaffin na tarihi, kusan duk a hoto ake samunsu. Ashe girman fuska shi ne kan maganar.

Na biyu shi ma na Amazon ne, Fire HD 10, mai inci 10.1. Fuskarsa tana da kyau, shafin ajami ya fito tas. Sai dai ba ya zuwa da rumbun manhajojin Google, nasa rumbun daban ne, kuma YouTube ma sai an bi ta manhajar shiga intanet. Saurayin ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba matsala ba ce, minti goma zan sa maka." Na yarda zai iya. Abin da na tambayi kaina shi ne, ran da abin ya rikice a hannun dattijo mai shekara 71, ni ina Abuja, wa zai gyara? Na mayar masa.

Saura biyu, kuma a kansu na yi kusan sa'a guda ina juyawa. Ɗaya Samsung Galaxy Tab A9, mai inci 8.7, mara nauyi, bai fi giram 330 da 'yan kai ba, kuma akwai irinsa mai karɓar layin waya. Ɗayan Redmi Pad SE na kamfanin Xiaomi, mai inci 11, da batir babba da lasifika huɗu, amma nauyinsa ya doshi rabin kilo, kuma ba ya karɓar layi, sai an ba shi intanet daga wata na'ura. Akwai babban wan na Samsung ɗin, Tab A9+, shi ma inci 11, har da mai layi, amma da na ji kuɗin mai layin sai na ce a mayar da shi inda aka ɗauko.

Duk wanda ya san gidajenmu zai ce a ɗauki mai layi. Gidan Baba babu wata na'urar rarraba intanet, kuma abin da za a ce wa tsoho sai ya jira wani ya kunna masa waya kafin ya yi amfani da shi, an rage masa 'yanci. Hankalina ya karkata can ƙwarai. Sai na buɗe shafin ajamin a kan duka biyun na ajiye su gefe da gefe, na cire tabarauna, na ja baya kaɗan, don in kwatanta yadda Baba zai gani. A kan ƙaramin, idan shafi ya cika fuska, wasullan sai su haɗe da baƙaƙe su zama tabo. A kan babban, wanda ɗigon hotonsa 1920 ne a tsaye da 1200 a kwance, ina rarrabe fataha da rufu'a ba tare da na taɓa kome ba. Saurayin yana ta ba ni labarin ƙarfin inji da saurin wasanni, ni kuwa wasali nake kallo.

Game da kallo, na zo da wani ilmi da na ɗauka zai yi amfani, ya tashi bai yi ba. Na karanta cewa akwai wata shaidar tsaro da ake kira Widevine, wadda idan allo ba shi da matakinta na L1, Netflix da ire-irensa ba za su ba shi hoto mai kaifi ba kome kyan fuskarsa, kuma yawancin marasa suna a nan suke faɗuwa. Gaskiya ne, kuma wanda zai saya don Netflix ya bincika. Amma Netflix da kansa ya ce hoto mai kaifi yana iya cin gigabait 3 a sa'a guda, matsakaici kuwa wajen 1. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wace Inna ce za ta ƙona gigabait 3 a kan kashi ɗaya na wasan kwaikwayo? Abin da take bukata shi ne lasifikar da za ta ji magana ko ana daka a tsakar gida, da wurin ajiya. Da na gane haka, sai rashin layin ya rage mini nauyi: littafi sau ɗaya ake saukar da shi ya zauna, fim ma ana iya saukarwa a ajiye.

Na ɗauki babban. Bayan ciniki ya rage mini abin da na sayi riga mai kauri da katin ajiya, na yi kwana uku a ofis bayan an tashi ina zuba littattafai. Na ƙara girman rubutun na'urar har ƙarshe, na share duk wata alama daga fuskar farko, na bar guda uku kawai: littattafai, jarida, kallo.

Da Babbar Sallah na kai masa. Ya juya shi, ya auna a hannu, ya ce, "Wannan ai ya fi allon da na yi karatu da shi nauyi." Gaskiyarsa kuwa, domin bayan minti goma hannunsa ya soma rawa, kuma wannan aibi ne da na gani tun a kasuwa na runtse ido. Washegari ya sa kafinta ya yi masa ɗan katako mai jingina, irin wanda ake ɗora littafi. Rashin layin ma bai bar mu ba. Ran da ƙanwata ta tafi makaranta da wayarta, babu jarida sai ta dawo, kuma ya yi mini ƙorafin haka ba sau ɗaya ba. Tsakaninsa da Inna kuwa sun yi rabo ba da sanina ba: nasa ne daga safe zuwa la'asar, nata ne bayan sallar lisha, ranar da ya manta bai sa caji ba kuwa gidan ba ya daɗi.

Wata biyu bayan haka, ina tsakiyar aiki ran Litinin, sai ga wayarsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam ɗan jarida, na karanta rahotonka na ranar Juma'a."

Na ce, "To, Baba, madalla."

Ya ce, "A sakin layi na uku ka rubuta kasa inda kake nufin ƙasa. Har sau biyu. A wace makaranta aka koya maka haka?"

Na ce laifin na'urar buga rubutu ne. Ya ce shi ma ɗalibansa alƙalami suke ɗora wa laifi, in je in gyara, kuma in turo masa ragowar littafin tarihin nan, domin wanda na zuba masa ya tsaya a shafi na 84.