Da tsohuwar zuma ake magani

Idan ƙungiyoyin raya al'adu suka zauna lissafin abin da ya kamata a ceto daga ɓacewa, sukan ambaci tatsuniya da kirari da waƙoƙin fada da rubuce-rubucen ajami. Da wuya wani ya tuna da kaset ɗin bidiyo, domin ana yi masa kallon tarkacen jiya, wanda bai tsufa har ya zama tarihi ba, bai kuma da sauran amfani a yau. Amma a Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, akwai wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ke riƙe da akwatunan ƙarfe biyu maƙare da irin waɗannan kaset-kaset, kuma labarinsa ya isa ya sa a sake lissafi.

Malam ya fara sanin silima ne a Maraɗi, cikin shekarun 1970, lokacin yana ɗalibin kwaleji. Gidan silima na wancan zamani fili ne mai katanga, ba rufi, shi ya sa ba a fara fim sai duhu ya shiga, kuma da damina hadari na iya tashin ƴan kallo. Yawancin finafinan sun riga sun tsufa kafin su iso. Aan, wanda ƙasashe masu amfani da Faransanci suka sani da sunan Mangala, ya fito tun 1952, Mother India kuwa a 1957, amma an yi shekara da shekaru ana maimaita su, zarensu duk ya ƙarje, yana tsinkewa a tsakiyar labari. Tsufan bai dami kowa ba, hasali ma shi ne daɗin. Mutane sun haddace abin da zai faru, suna yi wa jarumi gargaɗi kafin mugu ya ɓullo, suna bin waƙar Indiya ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Wanda ya kalla sau biyar shi ne tafintan na kusa da shi. Haka Hausawa suka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, kamar wani ɗan damben unguwarsu.

Wannan al'ada ba a Maraɗi ta tsaya ba. A Kano an buɗe silimar Rex tun 1937, Palace kuma daga baya, kuma can da nan iyaye kallon wurin ƴan iska suke yi wa gidan silima. Matan aure ba sa zuwa, ɗan mutunci kuwa sai ya saci jiki. Saboda haka taron da Malam yake begensa taro ne na rabin gari kawai.

Na'urar bidiyo ce ta shigar da fim cikin gida, har ya kai ga waɗanda katangar silima ta tsare a waje. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka sayar a kaset. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, hayar fim daga waje ta yi tsada, gidajen silima suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kaset ya gaji wurinsu. Daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano yake tasowa, ya bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ya sauka Maraɗi, sa'an nan ƴan koli su watsa shi a kasuwannin Tibiri da Gidan Rumji da Agye da Gazawa. A ƙauyuka, mai talabijin da injin wuta ya kafa rumfar zana, yara su biya ƴan daloli su shiga.

A wannan lokaci Malam ya fara saye. Da farko tsofaffin finafinan Indiya da na Bruce Lee yake nema, domin ya sake ganin abin da ya gani yana saurayi, daga baya ya haɗa da na Kano, irin su Gimbiya Fatima da Sangaya. Halin malanta bai bar shi ba: kowane kaset sai ya ba shi lamba, ya rubuta sunansa da kasuwar da ya saya da shekarar a cikin littafi mai bangon kwali.

Wanda ya bi littafin nan shafi-shafi zai lura da wani giɓi. Babu fim ɗin Nijar ko ɗaya. Alhali Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka fara yin fim. Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin samarin ƙauye da suka rikiɗe suka zama kaboyi, inda Zalika Sule ta fito. Umaru Ganda ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, a 1972, da Le Wazzou polygame. Amma waɗannan finafinai, waɗanda akasarinsu a kan zaren 16 mm aka ɗauka, hanyarsu ta bukukuwa ce da cibiyoyin al'adu na manyan birane, ba ta bi ta teburin ɗan koli ba. Malam ya yi shekaru yana rubuta sunan Umaru Ganda a allo, ɗalibansa suna kwafa, ba shi ba su babu wanda ya taɓa ganin aikin mutumin. Akwatin nan shaida ne na abin da kasuwa ta kawo wa talaka, shaida ne kuma na abin da ba ta kawo ba.

Darajar akwatin tana wajen finafinan Kano na farko. Fim ɗin Indiya yana da masu shi da ma'ajiyarsa a ƙasarsu, ko na Gidan Sori ya ruɓe ba a yi asara ba. Amma finafinan Hausa na shekarun 1990 a kan kaset aka ɗauke su, a kan kaset aka sayar, kuma masu yin su ƙananan kamfanoni ne da yawansu suka watse. Mai yiwuwa ne kwafin da ya saura na wani fim yana cikin irin wannan akwati a wani ƙauye. A cikinsu akwai yadda ake gaisuwa da zance da ɗaurin ɗankwali, da kamannin tituna kafin a rushe, da Hausar samari kafin zuwan wayar salula. Malamin harshe ba zai sami wannan a ƙamus ba.

Kaset kuwa ba ya jiran kowa. Zafin bazara yana sa zarensa ya manne, ƙurar hunturu tana ƙarje shi, laimar damina tana sa masa furfura. Ko an tsare zaren, abin kunna shi yana ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yulin 2016. A gonakin gero ana iya ganin zaren kaset an ja shi daga kara zuwa kara yana walƙiya domin korar tsuntsaye. Wata rana jikan Malam ya ce masa: «Kaka, ai duk waɗannan suna cikin waya.» Malam ya miƙa masa littafin, ya ce: «To, maigidana, nemo mini lamba ta 14.» Yaron ya yi ta lalube har cajinsa ya ƙare.

Abin da aka ajiye yakan dawo. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fim ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Sai dai wancan fim ne na hukuma, mai suna, da masana ke cigiyarsa. Kaset ɗin ƙauye ba shi da mai cigiya in ba mutanen ƙauyen ba.

Aikin bai fi ƙarfin malamai da ƙungiyoyi ba. A fara da tambaya, gida-gida, wa ke da kaset, a rubuta sunayen. A ajiye su tsaye, nesa da ƙasa da rana. A nemi na'ura ɗaya mai rai da ɗan abin da ke haɗa ta da kwamfuta, a juye waɗanda ba a samu a wani wuri ba, tare da neman izinin masu su in suna nan. Sa'an nan a kafa farin ƙyalle a filin makaranta, a kira gari duka, wannan karon har da mata, a nuna tsohon fim ɗin Kano, a nemo na Ganda da na Alasan a haɗa. Hukumar UNESCO ta keɓe ranar 27 ga Oktoba domin adana kayan tarihi na sauti da hoto, kuma ranar tana faɗowa daidai kaka, lokacin da ruwa ya ɗauke, hatsi ya shiga rumbu. Fim ɗin da aka juye aka kulle cikin kwamfuta ya canja akwati ne kawai. Sai an sami taro mai yi wa jarumi gargaɗi za a ce ya farfaɗo. Allah ya ba da iko kafin zaren ya tafi gona.