Abin da motar asuba ta koya mini

Kafin kamfanonin bas su yawaita a Yamai, tafiya Maraɗi ba ta da lokaci. Ka je tasha, ka biya, ɗan kamasho na ta rantse maka saura mutum ɗaya, har rana ta take. Yanzu Rimbo, Sonef, Al Izza da STM kowa da tasharsa, kuma motar asuba ba ta jiran mai nawa. A nan na koyi yankar tikiti tun ana gobe tafiya. Wanda unguwarsa ke da nisa ma gara ya kwana can bisa tabarma, ya yi matashi da jakarsa, kunne na jiran a kira sunansa.

Hanyar ta haura kilomita 600: Doso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Galmi, sannan Gidan Rumji. Duk inda mota ta tsaya, kasuwa ta ci. Kafin a gama alwala ƴan mata sun kewaye ƙofa da dafaffen ƙwai da ruwan leda, mai tsire na kaɗa wuƙa, a Galmi kuwa da wuya a tashi ba a cusa buhun albasa ba. Minti goma na fasinja cefanen wani gida ne, shi ya sa na bar tayin wulaƙanci a bakin hanya.

Amma ni a ganina babban aikin waɗannan motoci yana ƙarƙashin kujeru, inda ake loda saƙo. Ka tsaya a ofishin kaya ka gani: garin kunu da yaji da wata uwa ta aiko wa ɗanta ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, an naɗe kwalin da salatif, an rubuta lambar waya da manyan baƙaƙe, takardun neman aiki, maganin da aka rasa a ƙauye. Ni kaina ta nan nake aika wa gyatumata maganin hawan jini. In ba da shi da yamma, washegari kafin magariba ƙanena ya karɓa. Da, sai an yi cigiyar mai tafiya, a haɗa shi da Allah, a kuma zuba ido. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, yana nan kwance, bas ce ke ɗauke da komai.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an sauka a Yamai. Bas-bas na cikin gari ba su wadata ba, sai ƙananan motocin faba-faba da tasi. Mutumin unguwar Harobanda da ya iso da tsakar dare, ga yara ga kaya, ga gadar Kennedy a gabansa, sai ya yi shatar tasi da tsada, ko ya shimfiɗa zane a tasha har gari ya waye.