Tsintau, Ka Yafe Mani

Kun saba ganin alƙalamina kan labarin saurayi da budurwa, to yau labarin kare na zo maku da shi. Eh, kare. Kada ki ja tsaki ki juya shafi 'yar uwa, daure ki ji.

Cikin daminar 2012, ina aji shida na firamare a garinmu Dayi, Baba ya aike mu ni da Yaya kai wa 'yan ƙwadago abinci gona. A bakin wata kwalbati kan titin Malumfashi muka iske yara sun ɗaura wa wani kwikwiyo igiya a wuya suna ta jifa. Haƙarƙarinsa duk a waje, ko kukan kirki ba ya iyawa. Yaya ya zaro naira hamsin ɗin da ke aljihunsa ya ba su, suka sakar mana shi.

Muna shiga gida Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku! Najasa kuka kwaso mani? Wallahi ba a gidan nan ba!"

Baba bai ce uffan ba sai da ya je wajen malamin unguwarmu. Malam ya shaida mashi cewa Musulunci ya halatta ajiye kare don gadin gona da dabbobi da farauta, in kuma ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ya tuna mashi hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na matar da Allah Ya gafarta wa don ta shayar da kare mai ƙishirwa. Sai Baba ya kafa doka: wurinsa turken shanu a bayan gida, kaskonsa daban, ba shi ba tsakar gida. Goggo ce ta raɗa mashi suna Tsintau.

Allah sarki Tsintau! Tunda ya girma bai taɓa tsallake dokar nan ba. Shi ke raka ni Islamiyya, ya tsaya can nesa gindin darbejiya har a tashi. Lokacin cirar auduga kuwa, gefen buhuna yake kwana har ranar da mota za ta kwashe su zuwa Funtua. Duk shekara Yaya kan kai shi Malumfashi a yi mashi allurar rigakafin haukan kare. Ladarsa ɗaya ce, ƙanzon tuwon dare.

Yanzu ga abin da ke cin raina. A 2019, bayan na gama sakandare, wani ɗan kasuwar hatsi daga Funtua ya fara zuwa zance wurina, da motarsa da ƙamshinsa. Ran nan muna zaune a ƙofar gida sai ga Tsintau yana kaɗa wutsiya, ya kwanta nesa kaɗan da tabarmata. Mutumin ya yatsine fuska ya ce, "Au, dama gidan masu kare ne?"

Kunya ta rufe ni kamar in nutse. Na ce, "Haba dai, ba namu ba ne." Na ɗauki dutse na kai mashi jifa, ya same shi a ƙafa. Bai yi haushi ba. Ɗago kai ya yi ya dube ni, sannan ya tafi yana ɗingishi. Washegari da na fito, ga shi nan bakin zaure yana jirana, yana kaɗa wutsiya kamar ba abin da ya faru.

Kowa a yankinmu yana tune da daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Daga ranar barci ya ƙaurace wa idanunmu. Masoyin nawa ya ce hanya ba ta biyuwa, ya ɗauke ƙafa, ƙarshe dai katin aurensa na gani a hannun ƙawata.

Ba a yi wata biyu ba ɓarayi suka dirar wa turkenmu cikin dare, za su kwance shanun noman Baba guda biyu, waɗanda su ne duk jarinmu. Haushin Tsintau ne ya tada unguwa, maza suka fito da fitilu, ɓarayin suka ranta a na kare. Da gari ya waye muka iske shi kwance cikin jini, sun sare shi da adda a kafaɗa. Kun san wa ta dafa ruwan gishiri, ta yage tsohon zanenta aka ɗaure ciwon? Inna. Tana ba Yaya tsumma tana share ƙwalla da bakin mayafi.

Ya warke, amma tsufa ya kama shi, haƙora suka zube, ido ya yi hazo. Cikin hunturun 2024, wata safiya na kai mashi ƙanzo na iske shi ƙarƙashin amalanke, jikinsa ya yi sanyi. Na kira sunansa har sau uku, wutsiyar nan ba ta motsa ba. Nan na durƙushe ina kuka, ba abin da nake gani sai dutsen nan da na jefe shi da shi. Baba da kansa ya haƙa rami gindin ɗorawar gonarmu ya rufe shi.

Har yau Inna in ta kankare tukunya takan ware ƙanzo gefe, sai ta tuna, ta yi shiru.

Ƙannena 'yan mata, ni dai na yi kuskure, na musanta wanda ya tsare mu shekara 12 don in burge baƙon da ko shekara biyu bai yi ba. Duk saurayin da zai sa ki ji kunyar abin da ke gidan ubanki, ki yi tunani tun wuri. In kuma kin ga yara na jifar dabba, ki tsawatar masu don Allah. Ni kam ina ta istigfari kan jifar nan, ku taya ni da addu'a.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, daga Dayi.