Akwatin Kiɗa Mai Murya Ɗaya

Wata uku cur muka yi a gidanmu ana juya magana guda, safe da maraice, har yara suka gaji da jinta. Maganar kuwa ita ce, ko mu sayi wani akwatin kiɗa na lantarki da a ke kira sintisaiza, ko mu bar shi. Mu biyu ne mu ke rubuta wannan, maigida da uwargida, gama tare muka sha gardamar, kuɗin kuma namu ne tare.

Maigida ne ya ke kaɗa kibod a majami'armu a Jos, yau shekara 19. Kibod ɗin na ekklesiya ne, ya tsufa, maɓallansa biyu sun mutu. Da aka biya maigida garatutinsa, muka ajiye kuɗin domin makarantar koyon aikin jinya ta 'yarmu da gyaran kwanon ɗaki. Ana nan wani dare babban ɗanmu ya kunna masa wani kiɗa a waya. Maigida ya saurara sau biyar bai ce uffan ba, tuwonsa ya huce. Daga ran nan muka shiga zancen.

Bari mu bayyana muku abin yadda muka gane shi. Yawancin kibod da muka saba gani a majami'u, muryoyinsu a ajiye su ke a ciki kamar kaset. An ɗauki muryar piyano ko ta sarewa an adana, in ka danna sai ta fito yadda aka sa ta. Wannan akwati kuwa, irin da a ke ce wa analog, ba a ajiye murya ko ɗaya a cikinsa ba. Wutar lantarki ce da kanta ta ke rawa a cikin wayoyi, rawar nan ita ce murya. In ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa guda, muryar da makaɗa su ke daidaita kayansu da ita ke nan. Sa'an nan muryar ta bi ta wata rariya mai tace ta, kamar yadda mace ta ke tankaɗen gari, ta cire tsaki ko ta bar shi. Akwai kuma sashen da ya ke hukunta ko muryar za ta faɗo farat ɗaya kamar kalangu, ko ta taso a hankali kamar sarewa. Da hannunka za ka murɗa dukan waɗannan, ka gina muryar da ba wanda ya taɓa jinta. Abin da ya kama zuciyar maigida ke nan, kuma gaskiya ce, abin yana da daɗi ƙwarai.

Wani Ba'amurke mai suna Robert Moog ne ya fito da irinsa a 1964, babba kamar kabad. A 1970 ya yi ƙarami mai ɗaukuwa, Minimoog. Da kamfanin Yamaha ya kawo DX7 a 1983, mai aiki da lissafin kwamfuta, mutane suka juya wa tsofaffin baya, aka riƙa sayar da su da araha. Daga baya kunnuwa suka yi kewarsu, farashi ya tashi. Da aka sake ƙera Minimoog a 2022, kuɗinsa ya kusa dala 5,000, alhali kuwa kwaikwayonsa da Behringer ya fitar a 2018 bai wuce wajen dala 300 ba. Amma maigida bai so ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya ke so, wasu mutane kaɗan ne su ke haɗa shi da hannu a wani ƙaramin shago a Turai, 'yan kaɗan a shekara. Sai ka sa suna a layi, in layi ya zo kanka ka biya rabin kuɗi. Duka ya haura yuro 2,000, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Ku da kuka san inda naira ta faɗa tun 2023, ku lissafa da kanku.

Ya sa suna kuwa, bai ɓoye ba. Abin da ya ce shi ne, "Domin aikin Ubangiji ne." Hujjojinsa kuma ba na banza ba ne. Ya tuna mana Zabura 150, inda aka jera kayan kiɗa iri iri domin yabo. Ya ce faifan da ya sa duniya ta san akwatin Moog a 1968, kiɗan Bach ne aka kaɗa a cikinsa, Bach kuwa mai kiɗan majami'a ne a Jamus. Ya kawo labarin Maryamu cikin Yohanna 12, da turarenta na dinari 300, ya ce wanda ya yi gunaguni a kan tsadar turaren mun san ko wane ne. Wannan ta yi wa uwargida zafi. Ita ma ta mayar da Luka 14, zancen mai gina soro da ya kamata ya zauna ya ƙidaya kuɗinsa tukuna. Ta kuma ƙara da kalmar da ta yi da na sanin faɗinta, ta ce abin kayan wasan yara ne. Kwana huɗu muka yi addu'ar safe kowa yana kallon bango.

Ɗanmu, wanda ya jawo mana wannan duka, ya kawo labarin mutum biyu. William Onyeabor na Enugu ya yi fayafayai da irin waɗannan akwatuna daga 1977 zuwa 1985, daga baya ya ba da kansa ga Kristi, ya ƙi yawan zancen kiɗan nan har ya rasu a 2017. Kowannenmu ya ja labarin zuwa gefensa, bai raba mu ba. Na biyun shi ne Mamman Sani na Nijar, wanda a 1978 ya ɗauki kiɗansa a Yamai da wani ogan na Italiya da ya samu a hannu, har Turawa suka zo suna nemansa bayan shekaru fiye da 30. Uwargida ta ce, "Ka ji, da abin da ke hannunsa ya yi."

Amma ba hujja ce ta warware maganar ba, tambaya ce ƙarama. Wata Asabar uwargida ta dawo daga koyon waƙa na Zumuntar Mata, ta tarar da shi yana duban hoton akwatin. Ba da faɗa ba ta ce, "Maigida, in ka danna maɓalli huɗu tare, kamar yadda ka ke yi ran Lahadi, yaya ya ke fita?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Ɗaya ne zai yi magana." Ashe akwatin murya ɗaya ya ke yi a lokaci guda, kamar sarewa. Mawaƙanmu kuwa muryoyi huɗu su ke rerawa, aikin mai kibod shi ne ya riƙe huɗun nan kada jama'a su watse. Maigida ya san haka tun daren farko. Shi da kansa ya ce a rubuta wannan a nan.

Da wannan ta fito, sauran suka biyo baya da sauƙi. Irin akwatin nan sai ya ɗumama kafin muryarsa ta tsaya, sanyi da zafi kuma suna karkata ta. Ku tuna da sanyin Jos da sassafe a hunturu, da zafin kwano da tsakar rana. Ga ƙura, ga wutarmu mai zuwa da tafiya, ga shi ba mu san mai gyaransa ko ɗaya ba, ba shi kuma da lasifika na kansa.

Daren nan muka zauna bayan yara sun kwanta. Maigida ya ce, "Ni na ke sonsa, don kaina. Na ji kunyar faɗi ne, shi ya sa na jingina shi ga Ubangiji." Uwargida ta daɗe ba ta amsa ba. Ta lissafa a ranta, shekara 19 yana kiɗan bikin 'ya'yan mutane da jana'izarsu ba a biyansa, bai taɓa sayen ko garaya tasa ta kansa ba. Ta roƙi gafara a kan kalmar kayan wasan yara, shi ma ya roƙa a kan zancen mai gunaguni. Mun ga cewa son abu mai kyau ba zunubi ba ne, Allah ne ya yi kunne. Abin da ya kusa lalata mu shi ne sunan da muka sa wa son. Muddin ana ce da shi aikin Ubangiji, uwargida ba ta da bakin cewa a'a sai ta zama kamar mai gāba da Allah, kuɗin makarantar yarinya kuma ya zama abin da a ke iya taɓawa.

Layi ya zo kanmu a watan Maris. Muka rubuta wa masu shagon cewa su ba na bayanmu, suka amsa da ladabi, suka ce ƙofa a buɗe ta ke. Muka biya kuɗin makaranta, aka gyara kwano kafin damina. Maganar kibod na ekklesiya muka kai wa dattawa, gama nasu ne, an kuwa gyara maɓallan biyun.

Ɗanmu ya ce a sayi kwaikwayon nan mai araha mana. Maigida ya ce yana tunani, amma ga alama zuciyarsa tana wajen wancan. Yanzu akwai wani gwangwani a cikin kabad, auta ta manna masa takarda ta rubuta "Marmarin Baba". Abin da ya samu daga koya wa yara kiɗa ran Asabar nan ya ke shiga, bayan an fitar da zakka. Uwargida ma takan jefa wani abu daga ribar kajinta, ba kullum ba. Da muka ƙirga a ƙarshen watan jiya, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba tukuna.