Yaro a Bakin Balaga

Ina yawan tunani a kan halin yaro namiji tsakanin shekara 12 da 15, sa'ad da muryarsa ta fara kauri, gashi ya tsiro a hammata da mara, tsawonsa ya ƙaru farat ɗaya har wandon bara ya gaza masa, alhali babu wanda ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa wani sinadari da 'ya'yan maraina suke fitarwa shi ne babban sababin wannan canji. Wani ƙirjinsa yakan kumbura kaɗan, ya ɓoye cikin fargaba, ga shi kuwa galibi kumburin kan baje da kansa. Jikin nan mai gaggawar girma yana bukatar abinci mai gina jiki da barcin sa'a 8 zuwa 10, mu kuwa sai mu kira shi rago.

Malaman fiƙihu ba su ji nauyin wannan mas'ala ba, domin sun ambaci ihtilami a sarari cikin alamomin balaga, Malikawa kuma suka sanya shekara 18 haddi ga wanda alama ba ta bayyana gare shi ba, tunda daga nan salla da azumi da wankan janaba suke hawa kansa. Abin da ke damuna shi ne kunyarmu, musamman ta ɗan fari, wadda ke hana uba buɗe baki. In nauyin ya yi masa yawa, ai ga kawu, ga malamin zaure, waɗanda yaro zai iya tambaya ba tare da ya sunkuyar da kai ba.