Kwaɗon da Mai Makullinsa Bai Biyo Ba

Wannan makon labarin wata manhaja na kawo muku, wadda ta hana ni barci kwana uku.

Bayan na gama difloma, wani mai shagon intanet a nan Wudil, kusa da Jami'ar Aliko Dangote, ya ba ni aiki. Lokacin rajista ɗalibai kan cika shagon, kowa da hotuna da takardun da za a rage wa nauyi kafin a ɗora. Na rubuta masa 'yar manhaja da harshen Python a kan Linux, na aro wata laburaren sarrafa hotuna da wasu suka rubuta. Don aikin ya yi sauri, na sa manhajar ta riƙa haifar 'ya'ya da umarnin fork, kowanne ya ɗauki kasonsa.

A gida ta yi aiki lafiya lau. A shago kuwa sai ta tsaya cak, ba saƙon kuskure, ba komai. Ɗalibai na layi, maigida na kallona. Na zargi janareto, na zargi ƙura. Rana ta uku ya ce, “Malam, in ba za ta yi ba, mu koma yi da hannu.” Kuɗin aikina ke nan zai tafi.

A daren na sa manhajar ta riƙa rubuta duk takun da ta yi. Sai na ga 'ya'yan wuri ɗaya suke maƙalewa. Ashe laburaren tana da ma'aikata na ɓoye, waɗanda masana ke kira zaruruwa. Idan ɗaya zai taɓa kayan da suke tarayya a kai, sai ya sa kwaɗo, in ya gama ya buɗe. Shi kuma fork yana kwafe duk abin da ke ƙwaƙwalwar uwa, har kwaɗon a kulle, amma zaren da ya kira shi kaɗai ke tsallakawa cikin ɗan. Mai makullin yana can wurin uwa, ɗa kuma zai yi ta jira har abada. A gida hotuna biyar na gwada, haihuwar ba ta taɓa dacewa da lokacin kulle ba.

Layi ɗaya ya warware matsalar. Na sauya zuwa spawn, wanda ke tayar da ɗa sabo fil ba tare da gadon uwa ba. Daga baya na gano Python 3.12 na 2023 yana gargaɗi a kan wannan, nawa ne tsoho.

Ga abin da ya sa na kawo muku zancen. Washegari na buɗe littafina da ya maƙale wata shida. Na taɓa raba shi gida biyu, na cire kawun jarumar don labarin ya yi sauri. Sai na tuna shi kaɗai ya san inda takardar gadon take. Na kwaso asirin zuwa littafi na biyu, na bar mai makullin a baya, ina ta zargin kaina da rashin basira.

Ɗan uwa, in labarinka ya tsaya cak, koma ka duba abin da ka yanke da abin da ka aro. Wa ke riƙe da makullin? Ni dai na dawo da kawu, yanzu ina babi na 9. Allah Ya sa mu dace.