Ashirin da Bakwai ga Agusta

Masu iya magana kan ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta yi. Mu da muka tashi a Jimeta muna da wata rana da ta ziyarce mu sau biyu tun muna yara, kowace ziyara kuma sai da ta bar mana tabo.

Ziyarar farko ita ce ta 27 ga Agusta, 1985, cikin hidimar Babbar Salla. Muna ta ɗokin sababbin riguna da suyar nama, sai muka ga iyayenmu sun yi jugum sun kewaye rediyo. Ashe sojoji ne suka hamɓarar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, mataimakinsa Tunde Idiagbon yana ƙasa mai tsarki, Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki. Abin da muka fahimta a lokacin kawai shi ne manya sun rage fara'a.

Shekara shida cif bayan haka, ranar 27 ga Agusta, 1991, Babangidan ya mayar da jihohin Nijeriya 30 daga 21. Aka raba Gongola, wadda aka kafa a 1976, gida biyu: Taraba mai hedikwata a Jalingo, da Adamawa, wadda ta ci sunan Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841. Da aka koma makaranta muka riƙa soke "Gongola" a bangon littattafanmu muna dariya. Dariyar ba ta daɗe ba, domin ma'aikatan da asalinsu ya faɗa ɓangaren Taraba sun fara ɗaure kaya. Maƙwabtan da muke cin tuwo a akushi ɗaya da 'ya'yansu suka hau mota sai Jalingo, wasunsu har yau ba mu sake saka su a ido ba.

Sai da muka girma muka karanta cewa a irin wannan rana ce, a 1896, jiragen ruwan Ingila suka yi wa fadar Sarkin Zanzibar luguden wuta, yaƙin ya ƙare cikin ƙasa da awa ɗaya. Bayan shekara biyar, a Satumbar 1901, sojojin Turawan suka iso Yola, Lamiɗo Zubairu ya bar gari.

Yanzu idan muka ambaci Gongola a aji, yawancin ɗalibanmu sunan kogi kawai suke ji. Shi ya sa duk shekara mukan ba su aikin su je gida su tambayi iyayensu inda sanarwar 1991 ta same su, da kuma wanda ta raba su da shi.